Ganɗa

Ganɗa, wadda ake kira ganɗa tsattsaura, ita ce sashen gaba mai ƙashi na rufin bakin ɗan Adam. Tana farawa daga bayan hanƙa, wato tudun da ke bayan haƙoran sama, ta ƙare a hanɗa, sashe mai taushi da beli ke reto a ƙarshensa. Ita ta raba kogon baki da kogon hanci.

Ƙasusuwa huɗu ne suka haɗa ta. Biyu na muƙamuƙin sama sun ɗauki wajen kashi uku cikin huɗu daga gaba, wasu ƙanana biyu suka cike bayan. Fata mai danshi ta lulluɓe ta, kuma a gabanta akwai 'yan kunyoyi da ke riƙe abinci lokacin tauna. Ɓangarorinta na dama da hagu suna gama haɗewa tun jariri yana ciki, wajen mako na 12. Idan ba su haɗe ba, akan haifi jariri da tsagaggiyar ganɗa. Shan nono kan yi masa wuya, daga baya maganarsa ta riƙa fita ta hanci, sai an ɗinke wurin ta hanyar tiyata.

A wajen furuci ganɗa ba ta motsi, harshe ne ke tasowa ya kusance ta. Sautin y baganɗe ne, kuma ana ɗaga gaban harshe zuwa gare ta wajen furta wasulan i da e. Wannan ne ke jawo ganɗantawa a Hausa, inda s, t, z da w kan koma sh, c, j da y kafin waɗannan wasula: ƙasa, ƙasashe, mota, motoci, kasuwa, kasuwoyi.