Zallar Rubutu Ko Ado? Tarihin Wata Taƙaddamar Imel



A 1971 Ray Tomlinson, injiniya a Amurka, ya aika imel na farko tsakanin kwamfutoci biyu. Saƙonnin wancan zamani zallar rubutu ne, babu launi babu hoto, bisa tsarin ASCII mai alamomi 128 kacal. An tsara shi don Turanci, shi ya sa babu ɓ, ɗ da ƙ a cikinsa.

A 1992 Nathaniel Borenstein da Ned Freed suka fito da tsarin MIME, wanda ya ba imel damar ɗaukar hoto, fayil da haruffan wasu harsuna. Ta wannan ƙofa HTML ya shigo, saƙo ya fara zuwa da kwalliya.

Nan aka rabu gida biyu. Masu adawa suka ce saƙon HTML ya fi nauyi, yana birkicewa a wasu manhajoji, kuma ana iya ɓoye ɗan hoton da zai tona wa mai aikawa cewa ka buɗe. Har yau masu gina Linux da zallar rubutu suke musayar gyare-gyarensu.

Abin lura gare mu: ba ado ne ya ceci haruffanmu masu lanƙwasa ba, Unicode ne. Idan ƙ ɗinka ya dogara da wani font na musamman, yana iya komawa wata alama a kwamfutar edita. Ka rubuta da Unicode, ka adana kwafin labarinka a zallar rubutu.

Allah ya ƙara basira.