Amiodarone a Asibitocin Yamai: Nazari Kan Amfaninsa da Haɗarinsa ga Masu Rikicewar Bugun Zuciya

Tsakure

Wannan maƙala ta duba amiodarone, maganin da likitocin zuciya ke rubutawa idan bugun zuciya ya rikice. An bi bayanan da ilimin haɗa magunguna ya tabbatar, aka auna su da yanayin Yamai: zafin rana, zazzaɓin cizon sauro, tarin fuka da sayen magani ba takardar likita. Nazarin ya nuna cewa illolin maganin suna kama da cututtukan da aka saba gani kullum a birnin, shi ya sa suke saurin ɓuya wa ma'aikacin lafiya.

Gabatarwa

Kamfanin Labaz na ƙasar Beljiyam ne ya samar da amiodarone a farkon shekarun 1960 domin ciwon ƙirji. Daga baya likitan Ajantina Mauricio Rosenbaum ya nuna ƙarfinsa wajen daidaita bugun zuciya, Amurka kuma ta amince da shi a 1985. A Nijar an fi saninsa da sunan Cordarone, ƙwaya mai miligiram 200.

Amfaninsa ba abin musu ba ne. Yana cikin ƴan magungunan da za a iya ba wanda zuciyarsa ta riga ta raunana, kuma irin waɗannan majinyata ne ke zuwa sashen zuciya na Babban Asibitin Ƙasa na Yamai da asibitin Amirou Boubacar Diallo da ke Lamorde: masu hawan jini da ya daɗe, masu lalacewar ƙofofin zuciya tun ƙuruciya, da mata masu ciwon zuciya na bayan haihuwa, wanda Davidson da Parry suka yi nazarinsa a Zariya a shekarun 1970, Arnaud Cénac kuma ya bibiye shi a nan Yamai.

Yadda yake zama a jiki

Abu biyu suka bambanta shi da sauran magunguna. Na farko, yana taruwa a kitse da hanta da huhu, kuma jiki kan ɗauki kusan kwana 58 kafin ya fitar da rabinsa. Wanda ya daina sha a watan Azumi yana iya kaiwa Babbar Salla da ragowarsa a jini. Na biyu, kusan kashi 37 cikin ɗari na nauyinsa aidin ne. Ƙwaya ɗaya na ɗauke da miligiram 75, alhali buƙatar babban mutum a yini ba ta wuce maikirogiram 150 ba.

Wannan aidin yana taɓa tayiroyid, wato halittar da ke gindin wuya wadda kumburinta ake kira maƙoƙo. Binciken Martino da abokan aikinsa na 1984 ya kwatanta yankin Tuskani na Italiya, inda aidin ya yi ƙaranci a abinci, da garin Worcester na Amurka, inda ya wadata. A Tuskani aikin tayiroyid ya fi yin yawa fiye da kima, a Worcester kuwa raguwa ya fi yi. Darasin ya shafe mu kai tsaye, domin majinyatan Yamai da yawa daga karkara suke zuwa, inda ba kowane gida ke cin gishiri mai aidin ba. Idan aikin tayiroyid ya yi yawa, mutum zai rame, ya riƙa gumi da rawar hannu, gabansa na faɗuwa. A bazarar Yamai, da zafi ke haura digiri 40, wa zai ɗauki gumi da rama a matsayin alamar magani?

Haka abin yake ga huhu, kuma nan ne haɗari ya fi muni. Amiodarone na iya kumbura huhu har ya taurare. Alamarsa busasshen tari da sarƙewar numfashi. Da hunturu sai a ce hazo ne. Idan ya daɗe a ce tarin fuka, a aika gwajin majina. Likitan zuciya ma yana iya cewa ruwa ne ya taru a huhu ya ƙara maganin sa fitsari. Duk tsawon wannan lokaci majinyaci na ci gaba da haɗiyar ƙwayarsa kowace safiya.

Akwai kuma lahanin hanta, da ɗigo-ɗigo a fatar ƙwayar ido da ke samun mafi yawan masu sha, da ƙunar fata idan rana ta doke ta. Mai ciki da mai shayarwa ba a ba su sai bisa larura mai tsanani, domin yana kaiwa ga jariri ta mahaifa da ta nono.

Haɗuwarsa da wasu magunguna

Amiodarone yana tsawaita tazarar da ake kira QT a hoton bugun zuciya. Kinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, ma haka yake yi, kuma takardar Coartem, wani maganin zazzaɓin, ta yi gargaɗi a kan haɗa shi da irin wannan magani. Da damina, wanda ya ji masassara ba kasafai yake komawa sashen zuciya ba. Farmasin unguwa yake zuwa, ko wurin masu tallar magani a bakin kasuwa, kuma ba wanda zai tambaye shi me yake sha. Idan gudawa ko maganin sa fitsari irin Lasilix sun rage masa fotasiyam a jini, zuciya na iya shiga bugun da ke kashewa nan take. Moxifloxacin da bedaquiline, na tarin fuka mai bijire wa magani, suna da irin wannan haɗari.

Mai lalatattun ƙofofin zuciya da bugunsa ya rikice yana buƙatar maganin tsinka jini irin Sintrom ko warfarin, kamar yadda gwajin INVICTUS na 2022 ya ƙarfafa. Amiodarone yana ƙara musu ƙarfi har jini ya ɓalle, saboda haka dole a rage adadinsu, a yawaita gwajin tsinkewar jini na INR a makonnin farko. Digoxin shi ma akan rage shi da rabi.

Shawarwari

Ƙa'ida ita ce a yi hoton bugun zuciya, hoton ƙirji, gwajin TSH na tayiroyid, na hanta da na fotasiyam kafin ƙwayar farko, a maimaita na TSH da na hanta duk wata 6. Mun san kuɗin waɗannan gwaje-gwaje daga aljihun iyali suke fita, kuma mai zuwa daga Filinge ko Doso sai ya haɗa da kuɗin mota. A ra'ayinmu, idan likita ya ga ba za a iya bibiyar majinyaci ba, kuma rage saurin bugun da wani magani zai wadatar, to kada a fara amiodarone.

Wanda aka ɗora a kansa kuwa, a ba shi kati mai sunan maganin da ranar farawa, a yi masa bayani da Hausa ko Zabarmanci, shi da wanda ya rako shi. Muna kira ga Tsangayar Kimiyyar Lafiya ta Jami'ar Abdou Moumouni da sassan zuciya na asibitocin Yamai su buɗe rajista guda ta masu shan wannan magani, kuma duk ma'aikacin lafiya da mai ciwon zuciya ya zo masa da tari, rama ko masassara, ya fara da tambayar ko yana shan Cordarone.