Hatimin Sabar: Daga Helsinki Zuwa Wayarka



A 1995 aka ɗana tarko a layin kwamfutocin Jami'ar Fasaha ta Helsinki, a Finland, ana kwashe kalmomin sirrin mutane, domin Telnet tsirara yake tura su. Wani mai bincike a can, Tatu Ylönen, ya ƙirƙiro SSH. Tsarin yana lulluɓe saƙo, kuma kowace sabar tana da nata makulli, kamar hatimin sarki a kan wasiƙa. Ranar da ka fara shiga, kwamfutarka za ta adana shi cikin fayil ɗin known_hosts. Da zarar ya canja, sai ta taka birki.

Ina jami'a mun taɓa ganin wannan gargaɗin a sabar da muke tarayya a kai. Muka goge layin muka wuce, babu wanda ya tambayi mai kula da ita. Allah ne ya rufa asiri, ashe sake girka ta aka yi. Da ɓarawo ne ya shiga tsakani, da duk ya kwashe mu.

A Maris 2023, GitHub ta canja makullinta na RSA bayan sirrinsa ya fallasa, ta wallafa sabon hatimin domin kowa ya gwada.

Haka ma a WhatsApp: idan lambar tsaron abokinka ta canja, ya kuma nemi kuɗi, kira shi tukuna ka ji muryarsa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.