Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa: Jama'a da hanyoyin rayuwarsu

Ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna kudu maso yammacin Jihar Katsina, a shiyyar Funtuwa, inda jihar ta yi iyaka da Zamfara da kuma ƙasar Birnin Gwari ta Jihar Kaduna. Yanki ne na duwatsu da dazuzzuka da fadamu, kuma ruwan damina ya fi sauka a nan fiye da arewacin jihar. Wannan ni'ima ce ta sa ake lissafa shi cikin rumbunan abincin Katsina.

Akasarin mazauna yankin Hausawa ne manoma da Fulani makiyaya, sai kuma Maguzawa da ke zaune a gidajen gona, waɗanda aka san su da ƙwazon noma. Dukkansu suna ƙarƙashin Masarautar Katsina. Hakimin Ƙanƙara shi ke riƙe da sarautar Sarkin Pauwa, daga shi sai dagatai da masu unguwanni.

Shekarar mutumin karkara a nan ruwa ne ke tsara ta. Da zarar an yi ruwan shuka, magidanci da 'ya'yansa za su duƙufa a gandu, su shuka masara da dawa da waken suya, a kwari kuma shinkafa. Auduga ta daɗe tana kawo kuɗi, domin Funtuwa, mai injinan gurza da masaƙa, tana kusa. Idan kaka ta wuce, aiki sai ya koma fadama, inda rake da tumatir da albasa da attaruhu ke riƙe gida har bazara. A bakin madatsar ruwa ta Mairuwa kuwa akwai masunta, masu fita da kwalekwale da taru tun da asuba su kamo tarwaɗa da karfasa. Abin da ba a sayar ɗanye ba, sai a yi bandarsa ko a soya a kai kasuwa. Mata a cikin gida suna kiwon awaki da kaji, suna sarrafa waken suya ya zama awara, kuma sau da yawa da wannan kuɗin ake yi wa 'ya mace kayan ɗaki.

Tsakanin manomi da makiyayi akwai tsohuwar cuɗe-ni-in-cuɗe-ka: bayan girbi shanu su ci karmami da harawa, su bar wa gona taki. A kasuwanni irin su Sheme da 'Yankara ake haɗuwa, a sayar da hatsi a sayi dabba. Ƙanƙara kuma tana da farar ƙasa, wadda ake haƙa ana kai wa masana'antu.

Wannan tsari ne matsalar 'yan bindiga ta girgiza. A watan Yunin 2020 an kashe mutane da dama a ƙauyen Kadisau na Faskari. A daren 11 ga Disamba na shekarar aka sace ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako su bayan kwana shida. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan uku, aka kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanninsu na wani lokaci.

Amma asarar da ta fi cin rai ba ta cika fitowa a labarai ba. Gonakin da ke bakin daji, waɗanda su ne suka fi albarka, da yawa an bar su sun zama saura. A wasu ƙauyukan sai an biya 'yan bindiga haraji kafin a yi shuka, a sake biya kafin a kwashe amfani. Iyalai da dama sun yi ƙaura zuwa Funtuwa da hedikwatocin ƙananan hukumominsu, inda manomin da ya saba ciyar da baƙi daga rumbunsa yake sayen masara da tiya.