Kirfa biyu, suna ɗaya

Kalmar kirfa baƙuwa ce a bakinmu. Daga Larabci muka aro ta, inda asalinta ke nufin ɓawon itace. Itacen kansa kuwa ya fi sunan nisa. Tun kafin zuwan Musulunci fataken Larabawa ke kai ɓawon Masar da ƙasar Rum, suna ɓoye inda suke samo shi, har masanin tarihin Girka Herodotus ya rubuta cewa daga sheƙar wasu manyan tsuntsaye ake kakkaɓo shi. Dabarar ɗan kasuwa ke nan: idan hanya ta ɓoyu, farashi ya hau.

Ibn Baɗɗuɗa ya isa tsibirin Sarandib, wato Sri Lanka ta yau, a 1344, ya ga itacen jibge a bakin teku. Turawan Fotugal suka riƙe cinikin, na Holan suka kore su a 1658, Ingilishi suka karɓe a 1796. Duk saboda ɓawo.

Likitocin da, irin su Ibn Sina, sun lissafa ta cikin magunguna masu zafi da ke taimakon ciki. Shahararta a kan ciwon suga kuwa ta jiya-jiya ce. A 2003 aka buga wani gwaji da aka yi a Peshawar ta Pakistan kan mutum 60, tsawon kwana 40, aka ga sugan waɗanda suka sha ya sauka. Labari ya zagaye duniya. Da masanan Cochrane suka tattara gwaje-gwaje a 2012, suka ce hujjar ba ta isa ba. Wannan labarin kam bai iso zaurukanmu ba. Mun ga dattijon da ya ajiye ƙwayoyin asibiti ya koma wa garin kirfa cokali-cokali, sai da ciwon ƙafa ya ƙi warkewa sannan 'ya'yansa suka sani.

Ga kuma abin da mai koli ba ya faɗa: kirfa iri biyu ce. Wadda ta cika kasuwanni, irin ta Sin, tana ɗauke da sinadarin kumarin, wanda yawansa ke cutar da hanta. Hukumar Jamus mai lura da haɗarin abinci ta yi gargaɗi a kai tun 2006. Ta Sri Lanka ɗan kaɗan ne a cikinta. Ita siririya ce, an naɗe ta fale-fale, tana murƙushewa a hannu. Ta Sin kauri gare ta, ja-ja-wur, naɗi ɗaya, sai turmi. Da zarar an niƙa su, ido ba ya raba su.