Daren da Agustin Ya Binne Mahaifiyarsa

A shekarar 387, a Ostiya, tashar jiragen ruwa ta birnin Roma, zazzaɓi ya kwantar da wata mata 'yar Arewacin Afirka mai suna Monika. A rana ta tara rai ya yi halinsa, tana da shekara 56. Hanyar gida suka kama ita da ɗanta Agustin, wanda bai daɗe da karɓar baftisma a Milan ba, a hannun Bishof Ambros. Gidan shi ne Tagaste, garin da yau ake kira Suk Ahras a Aljeriya.

Agustin bai yi kuka ba. Da ɗansa Adiyodatus ya fashe da kuka ma, sai aka tsawatar masa. Aka kai gawa makwanci, aka dawo, idon Agustin a bushe, zuciya kuwa kamar an ɗora mata dutse. Ya tafi gidan wanka, domin ya taɓa jin cewa wanka na kore baƙin ciki. Yadda ya shiga haka ya fito.

Barci ne ya yi abin da wanka ya kasa. Da ya farka, shi kaɗai a shimfiɗa, ya ji nauyin ya ragu. Waƙar yamma da Ambros ya tsara ta faɗo masa a rai, wadda ke yabon Allah da ya ba dare kyautar barci don gaɓoɓi su huta, zukata su sarara. A nan hawaye suka zubo. Wajen shekara goma bayan haka ya rubuta labarin a littafinsa na Latin, Confessiones, wato ikirari, har yana roƙon mai karatu kada ya yi masa ba'a don ya yi wa uwarsa ɗan kukan da bai kai awa guda ba.

Wannan ya bambanta da halin masu zuhudu na hamadar Masar a zamanin. Su abokin gaba suka ɗauki barci. An ruwaito cewa Arseniyus yana ganin awa ɗaya ta ishi jarumin mai ibada, almajiran Fakomiyus kuma a kishingiɗe kan kujera suke runtsawa. A ganina Agustin ya fi su sanin ɗan Adam.

Ba wai ya saki jiki da barcin ba ne. Da yake ba da labarin jan ƙafarsa wajen tuba, ya kwatanta kansa da wanda ake tashi da asuba, ya san gari ya waye, amma daɗin shimfiɗa yana mayar da shi. Bayan ya zama bishof na Hippo, Annaba ta yanzu, mafarki ne ya dame shi. Ya bar harkar mata, a farke yana iya kame kansa, amma da ya rufe ido sai tsofaffin hotuna su dawo, har ya ga ya amince da su. To wane ne wannan mai amincewar? Shi ne, ko wani? Bai ɗora wa kansa laifin abin da bai aikata da saninsa ba, duk da haka abin ya yi masa ciwo, ya roƙi Allah ya warkar da shi har cikin barcinsa.

Shi ya sa littafin ya buɗe da zuciyar da ta rasa sukuni saboda begen Mahaliccinta, ya kuma rufe, a kashi na 13, da hutun rana ta bakwai, wadda ba ta da maraice.

A shekarar 430 mayaƙan Bandal suka yi wa Hippo ƙawanya. Agustin, mai shekara 75, yana kwance da zazzaɓi. Abokinsa Fosidiyus ya ce ya sa an rubuta zaburorin tuba an manna a bango daidai inda idonsa zai kai, ya kuma nemi kada kowa ya shigo sai likita da mai kawo abinci. Kusan kwana goma ya yi a haka, yana karantawa yana kuka, kafin ya rasu ranar 28 ga Agusta.