Tarihin Jirgin Cikin Gari na Adis Ababa da Abin da Ya Koya wa 'Yan Kasuwa

'Yan'uwa mambobin ƙungiya, da yawa daga cikinmu sun san Adis Ababa, ko da a matsayin zangon da ake sauya jirgin sama ne a hanyar Dubai ko ƙasar Sin. Duk wanda ya taɓa fita daga filin jirgin Bole ya shiga gari ya ga taragon nan mai aiki da lantarki yana bin tsakiyar titi. A wannan fitowa ta bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, mun ga ya dace mu waiwayi tarihinsa, domin akwai abin da ya shafe mu a ciki.

Dangantakar Adis Ababa da layin dogo ta daɗe. A 1917 ne dogon da Faransawa suka shimfiɗa daga Jibuti ya iso birnin, ya zama ƙofar shigo da kaya daga teku. Lokacin da Italiya ta mamaye Habasha, daga 1936 zuwa 1941, masu mulkin suka kwashe 'yan kasuwa 'yan ƙasa daga tsohuwar kasuwar Arada da ke tsakiyar gari, suka mayar da su yamma. Wurin da aka kai su shi ne ya zama Markato, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Afirka a yau. Wato tun can baya 'yan kasuwar birnin sun saba da a zana taswira a ofis, sannan a zo a ce musu su matsa.

Da birnin ya cika ya batse, ƙananan motocin haya suka kasa ɗaukar jama'a, sai gwamnati ta yanke shawarar gina jirgin cikin gari. An ba kamfanin China Railway Group kwangilar a kan dala miliyan 475, kuma kashi 85 cikin 100 na kuɗin bashi ne daga bankin Exim na ƙasar Sin. An buɗe layin farko ranar 20 ga Satumba, 2015. Layuka biyu ne: ɗaya daga Dandalin Menelik a arewa ya ratsa ta gefen Markato ya gangara Kaliti a kudu, ɗayan kuma daga Ayat a gabas zuwa Tor Hailoch a yamma. Tsawonsu duka ya haura kilomita 30, da tashoshi 39 da jirage 41.

Ta fuskar aikin injiniya, an yi abin a yaba. A tsakiyar gari, inda cunkoso ya fi yawa, an ɗaga dogon bisa ginshiƙan kankare, layukan biyu suna bin hanya ɗaya. Kusa da Dandalin Menelik kuma an haƙa masa hanya ta ƙarƙashin ƙasa. Wannan haƙa ce ta sa a 2013 aka ɗauke mutum-mutumin Abuna Petros, babban limamin coci da sojojin Italiya suka harbe a 1936. Jama'a suka nuna damuwa, hukuma ta yi alkawarin za ta mayar da shi, kuma a 2016 ta cika alkawari.

Sai dai sauran dogon, wanda shi ne mafi yawa, yana tafiya ne a ƙasa, a tsakiyar manyan tituna, an katange shi dama da hagu don gudun haɗari. Katangar ta raba unguwanni gida biyu, ga shi wuraren tsallakawa sun yi nisa da juna. Mai shagon da a da kwastomansa ke tsallako titi su zo gare shi, yanzu sai sun yi doguwar zagaye. Ɗan dako da kaya a ka, da mai tura baro, da direban da ke son juyawa ya sauke kaya a ƙofar sito, duk abin ya taɓa su. Matashiyar da za a hau da matakala kuma wahala ce ga tsoho da mai ɗauke da dami. Ba wani injiniya da ya nufi kowa da sharri. Abin da ya faru shi ne an tsara inda jirgi zai bi, ba a zauna sosai da masu cin abinci a bakin hanyar an ji yadda ƙafa da kaya ke zirga-zirga ba.

Matsala ta biyu ta fito ne bayan 'yan shekaru. Kayan gyara daga waje ake sayo su da kuɗin waje, kuɗin tikiti kuwa an sa shi da rahusa don talaka. Aka wayi gari fiye da rabin jiragen suna ajiye, fasinjoji na jira a tasha, bashin kuma yana nan ana biya.

Me ya kawo wannan labari cikin mujallarmu? A watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Wannan hanya ce da iyaye da kakanninmu suka yi fatauci a kanta tun zamanin ayarin jakuna da raƙuma. Inda za a sa tasha, da inda dabbobi da amalanke za su tsallaka, da nisan sito daga wurin sauke kaya, da yadda jami'an kwastan na ƙasashen biyu za su duba kaya, su ne za su nuna wace kasuwa za ta bunƙasa, wace kuma za ta mutu.

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Mutanen Adis Ababa da suka yi magana da murya ɗaya a kan mutum-mutumin limaminsu, an saurare su. Masu shagunan bakin titi kuwa sai da aka gama kafa katanga kukansu ya fito. Saboda haka muna kira ga shugabannin rassanmu da su tattara bayanan mashigai da kasuwannin da dogon zai ratsa a yankunansu, su rubuta buƙatun mambobi, su kai wa hukumomin da abin ya shafa tun kafin aikin ya kammala. Allah Ya albarkaci kasuwancinmu, Ya ƙara mana haɗin kai.